Gado da Sankarar Mama: Abin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

Laccar da aka gabatar a taron wayar da kan al'umma a Dutse, Jihar Jigawa

 

 

An nemi in yi bayani a kan alaƙar gado da sankarar mama, wadda muka fi sani da ciwon dajin nono. Maganar tana da nauyi ta fuska biyu. Nono wuri ne na kunya, ba a saba ambatonsa a gaban manya da surukai ba. Sannan a ce wata cuta tana bin jinin wani gida, wannan magana ce da ke taɓa mutuncin dangi. Saboda haka ina neman afuwar iyayena, domin zan kira komai da sunansa. Shirun da muke yi ya riga ya cinye mana mata da yawa.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, ta kuma yi ajalin kimanin 670,000. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin dukan nau'o'in ciwon daji. A wannan shekarar an ƙiyasta sababbin masu fama da ita sama da 32,000, waɗanda suka rasu kuma sama da 16,000. Wato duk lokacin da aka gano ta a jikin mata biyu, an yi jana'izar wata guda. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da tara cikin goma na matan da suka kamu suna nan da ransu bayan shekara biyar. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da ake kai mace asibiti, da irin kulawar da take samu in ta je.

Yadda ake gadon siffa da cuta

Jikin ɗan'adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai rubutaccen tsari da ake kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan shida, wanda aka naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom: 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikin wannan rubutu ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke, kowace da aikinta. Idan aka ɗauki mutum biyu daga ko'ina a duniya, rubutunsu ya yi daidai da juna da kusan kashi 99.9 cikin 100. Ɗan abin da ya rage shi ya sa wani dogo ne wani gajere, wani wankan tarwaɗa wani baƙi, wani kuma jikinsa ya fi na wani saurin karɓar wata cuta.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga Musulmi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wurin Manzon Allah (SAW) cikin damuwa, domin matarsa ta haifi ɗa baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila daga kakanni ne. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka abin yake. Darasi biyu ne a nan: siffa tana iya ɓuya a dangi ta bayyana daga baya, kuma fahimtar gado ita ta wanke wannan baiwar Allah daga zargi. Ina roƙon mu riƙe duka biyun.

To, ina ciwon daji ya shigo? Ƙwayoyin jiki kullum cikin rabuwa suke domin maye gurbin waɗanda suka tsufa, kuma duk rabuwa sai an kwafi rubutun nan gaba ɗaya. Wajen kwafa ana samun kuskure, wani lokaci ma zaren rubutun ya tsinke. Ɗalibin tsangaya in ya rubuta allonsa, yakan kai gaban malam a duba, a gyara wasalin da ya kauce kafin ya haddace shi a karkace. Haka Allah ya sanya masu duba allo a cikin jikinmu. Biyu daga cikin manyansu su ne ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2. Kowa a ɗakin nan, mace da namiji, yana da su, kuma kowace yana da kwafi biyu, na uwa da na uba. Wanda aka haifa da kwafi ɗaya mai tangarɗa yana rayuwa lafiya lau, domin ɗayan yana aiki. Amma ranar da wannan ɗayan ya lalace a cikin wata ƙwaya ta nono, kurakurai sai su taru babu mai gyarawa, ƙwayar ta shiga hayayyafa ba tsayawa. Daga nan ƙullutu yake farawa.

Tun a 1866 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya rubuta yadda sankarar mama ta riƙa bin matan dangin matarsa daga kaka zuwa jika. An ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a gano dalili. A 1990 Farfesa Mary-Claire King ta Amurka ta nuna cewa ƙwayar da ke da alhaki a wasu iyalai tana kan kuromosom na 17. A 1994 aka tantance BRCA1, a 1995 kuma masana a Ingila ƙarƙashin Michael Stratton suka tantance BRCA2 a kan kuromosom na 13. Akwai kuma wasu, irin su PALB2 da TP53.

Haɗarin da ke tattare da su ba ƙarami ba ne. A Amurka, mace ɗaya cikin takwas ce ke kamuwa da sankarar mama a tsawon rayuwarta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ga mai tangarɗa a BRCA1, yiwuwar kamuwa kafin shekara 80 ta kai kashi 72 cikin 100, ga mai BRCA2 kuma kashi 69. Haka nan sankarar ma'ajiyar ƙwan mace: kashi 44 ga ta farko, kashi 17 ga ta biyu. Mu lura da kyau: haɗari ake gada, ba cutar kanta ba. Kusan uku cikin goma na masu wannan tangarɗa suna kaiwa tsufa ba su taɓa yin sankarar mama ba.

Gwaggo ma tana cikin lissafi

Mun saba da gwajin jini kafin aure saboda cutar sikila, mun san AA da AS da SS. Sikila ba ta bayyana sai yaro ya gado daga uwa da uba duka. Tangarɗar BRCA kuwa daban take: kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa. Duk ɗan da mai ita ya haifa, mace ko namiji, yiwuwar ya gada rabi da rabi ce. Ana iya samun 'yan'uwa mata biyu ciki ɗaya, guda ta gada, guda ba ta gada ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa tunda ciwon mata ne, ta wajen uwa kaɗai yake zuwa. Uba yana ɗauke da tangarɗar nan shekara da shekaru ba tare da ta nuna a jikinsa ba, ya miƙa wa 'yarsa. Saboda haka ciwon gwaggo, 'yar'uwar uba, da na kaka ta wajen uba, nauyinsu ɗaya da na inna da na kaka ta wajen uwa. Maza ma ba su kuɓuta ba. Kimanin ɗaya cikin ɗari na masu sankarar nono maza ne, kuma namiji mai tangarɗa a BRCA2 ya fi sauran maza haɗarin sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Auren zumunci ba shi ke haifar da tangarɗar ba, amma a gidan da take, yana iya sa ta sami hanya ta ɓangarori biyu.

Abin da aka gano a Nijeriya

A ƙasashen Turai da Amurka ana ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankarar mama ne ke da nasaba da gado. An daɗe ana zaton mu ma haka ne, har sai da aka duba matanmu. Tun 1998 Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Chicago, tare da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, suka fara tattara bayanai da jinin mata masu wannan cuta. A 2018 suka wallafa sakamakon mata 1,136 masu sankara, da wasu 997 masu lafiya domin kwatantawa. Kashi 14.7 cikin 100 na marasa lafiyar suna ɗauke da tangarɗar gado: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran a wasu ƙwayoyin. A cikin masu lafiyar kuwa ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken suka ce mace ɗaya cikin takwas da suka duba, gado daga manyan ƙwayoyin nan huɗu da na ambata ne silar ciwonta.

Binciken ya nuna wasu abubuwa uku masu tayar da hankali. Matsakaicin shekarun matan bai kai 48 ba, alhali a Turai cutar ta fi kama waɗanda suka haura sittin. Wato tamu tana ɗaukar uwa ne tana tsakiyar tarbiyyar 'ya'yanta. Na biyu, cikin matan da aka san matakin ciwonsu, kashi 86 cikin 100 sun zo ne a mataki na uku ko na huɗu, bayan ciwon ya ci ƙarfinsu. Na uku, cikin waɗanda aka tantance nau'in sankararsu, kusan kashi 46 suna da nau'in nan mai saurin yaɗuwa wanda magunguna irin su tamoxifen ba sa yi masa aiki, alhali a Amurka bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Wannan nau'i shi ya fi tafiya da tangarɗar BRCA1.

A Ibadan aka yi wannan aiki, kuma kowace al'umma tana da nata tarihin gado. A cikin Yahudawan Ashkenazi, mutum ɗaya cikin 40 ne ke ɗauke da tangarɗar BRCA, alhali a sauran jama'a kimanin ɗaya cikin 400 ne. Afirka kuwa ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado, amma ita aka fi bari a baya wajen bincike: kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne. Shirin nan na duniya na karanta rubutun gadon mutum dubu ya ɗauki Yarbawa da 'yan ƙabilar Esan daga Nijeriya, babu Bahaushe, babu Bafulatani, babu Babarbare. A 2020, da masanan shirin H3Africa suka karanta na 'yan Afirka 426 kacal, sun ci karo da bambance-bambance sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan giɓi yana da illa a aikace. Ban da manyan ƙwayoyin da na ambata, akwai ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance da kowanne ke ƙara haɗari kaɗan. A 2019 masana sun haɗa 313 daga cikinsu suka yi ma'aunin hasashe, amma da matan Turai aka gina shi, kuma an ga ƙarfinsa yana raguwa in aka gwada shi a kan baƙar fata. Haka nan baƙar mace ta fi Baturiya samun sakamakon gwajin da ke cewa an ga bambanci, amma ba a tantance ko mai cutarwa ba ne. Maganin wannan shi ne mu ma a yi bincike da mu, a garuruwanmu, da yardarmu.

Ba gado ne kaɗai ba

Kada wata ta ce tunda babu mai ciwon a danginsu ta tsira. Mafi yawan masu sankarar mama babu wanda suka gada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabinsu ba su da wani dalili da aka sani in ban da kasancewarsu mata da ƙaruwar shekaru. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, rashin motsa jiki, giya da taba duk suna ƙara haɗari. Shayarwa kuwa tana ragewa: wani bincike na 2002 da ya haɗa bayanan ƙasashe 30 ya nuna cewa duk wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Al'adarmu ta doguwar shayarwa alheri ce, mu riƙe ta, amma ba ta hana ciwon zuwa gaba ɗaya. Cutar ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko haɗa kwano. Ba sammu ba ce, ba jifan kishiya ba ne, ba kuma ajiye kuɗi a rigar mama ke kawo ta ba.

Abin da za mu iya yi yau

Gwajin BRCA da jini ko yawu ake yinsa, kuma an fi so a fara da wadda ta kamu. A ƙasarmu yana da tsada, sai a manyan birane, sau da yawa ma sai an tura samfurin ƙasar waje. Amma akwai gwaji na farko da ba ya cin ko sisi, wato sanin tarihin dangi. Mu mutane ne masu riƙe asali. In rabon gona ya tashi, babu wanda ke manta gwaggo ko 'ya'yan baffa. Wannan ƙwazon nake so mu kai ga lafiya. A zauna da tsohuwar gida a tambaye ta: wace ce ta yi ciwon nono, ta wajen uwa ko ta wajen uba? Tana da shekara nawa? Nono ɗaya ne ko biyu? Akwai wadda cikinta ya kumbura ta rame har ta rasu? A rubuta a ajiye.

A gaya wa likita idan aka sami ɗaya daga cikin waɗannan: wadda ta kamu kafin shekara 50, mata biyu ko fiye a ɓangare ɗaya na dangi, wadda ciwon ya kama nononta biyu, mai sankarar ma'ajiyar ƙwai, ko namiji mai sankarar nono. Ko babu gwaji, wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta jini ta kamu, haɗarinta ya kusan ninka na sauran mata.

Ga wadda aka tabbatar tana ɗauke da tangarɗar, likitoci suna ba da shawarar a fara duba ta a asibiti tun tana shekara 25, duk bayan wata shida zuwa shekara, a kuma fara ɗaukar hoton nono da wuri fiye da sauran mata. Bayan ta gama haihuwa, ana iya tattauna cire ma'ajiyar ƙwai. Wasu suna zaɓar cire nonon tun kafin ciwo, abin da ke rage haɗari da kashi 90 ko fiye, kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana ta yi a 2013. Wannan zaɓi ne, ba tilas ba. Akwai kuma magunguna irin su olaparib da aka yi musamman domin masu sankarar da ke da nasaba da BRCA.

Ga kowace mace kuwa, mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Ki san nononki, ki riƙa dubawa bayan gama al'ada. Alamomin da ba a jira da su su ne: ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, kan nono ya shige ciki, jini ya fito daga kan nono, fata ta lotsa ko ta yi kauri, gyambon da ya ƙi warkewa. Mai goyo da ta sha magani mako biyu kumburin nononta bai baje ba, ta koma asibiti. Mafi yawan ƙullutai ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, sai hoto da ɗibar 'yar tsoka a gwada.

A nan zan taɓo maganar da ta fi kowace halaka mata, wato cewa daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko tiyata sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, ana kai mace asibiti bayan an yi wata da watanni ana shafe-shafe da sakiya da turare, ciwon ya riga ya kai hanta ko huhu ko ƙashi. In ta rasu sai a ce wuƙar likita ce. Jinkiri ne ya yi aikin. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, malamanmu suna nan za su shaida. Muna da cibiyoyin lafiya a matakin farko, da Babban Asibitin Dutse, da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. In abin ya buƙaci gaba, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake gashi da na'ura, wanda kuma yana cikin asibitocin da Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki da su.

Amanar gida da haƙƙin mace

Me ya sa mata ke ɓoyewa? Wani bincike da likitocin Zariya suka wallafa a 2010 ya bi sawun matan aure 81 da aka cire wa nono. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Macen da ta ga abin da ya sami maƙwabciyarta za ta gwammace ta rufe ƙullutunta da zane har ya fashe. 'Yan'uwana maza, wannan laifinmu ne, kuma gyaransa yana hannunmu. Mu ne masu ba da izinin fita, mu ne masu kuɗin mota da na kati. Wadda ta shayar da 'ya'yanka ba ta cancanci takardar saki ba ranar da ciwo ya kama abin da ta shayar da su da shi.

Haka nan kada ilmin gado ya zama makamin hana 'ya'yan mutane aure. Rabin 'ya'yan mai tangarɗar ba su gada ba, waɗanda suka gada ma suna aure, suna haihuwa, suna shayarwa. Babu gidan da ba ya ɗauke da wani rauni a jininsa. Sakamakon gwaji amana ce tsakanin mace da likitanta, sai wanda ta ga dama ta gaya wa, ko da yake alheri ne ta sanar da 'yan'uwanta na jini domin su ma su kula.

Kammalawa

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su gama maganinsu. Domin Jigawa ta kusanci wannan buri, ina kira ga gwamnati ta horar da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na ƙauyuka a kan duba nono da tambayar tarihin dangi, ta ƙarfafa rajistar masu ciwon daji, ta kuma sa hoton nono da gwajin tsoka cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ke ɗauka. Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da asibitin koyarwarta su shiga sahun binciken gado da matan wannan yanki. Ina roƙon limamanmu su kai maganar kan mumbari, malamai mata su kai ta makarantun Islamiyya, hakimai da dagatai su kai ta ƙofar fada.

Ke kuma 'yar'uwata, kafin Juma'a mai zuwa ki tambayi tarihin gidanku ta wajen uwa da ta wajen uba, ki duba jikinki, in kin ji wani abu ki faɗa, ki je asibiti a wannan makon. Kai kuma maigida, ka raka ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana iyayenmu da matanmu da 'ya'yanmu.